Tsofaffin fina-finai da kaset: wanne ne ba ku gajiya da shi?

ƊanBirni74:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk fina-finan da aka taɓa haskawa a silima a Damagaram babu kamar Sholay, kuma duk abin da aka taɓa ɗauka a kaset babu kamar Bakandamiyar Shata. In ka cire waɗannan biyun, sauran a baya suke biye. Yaran yanzu masu kallon fim a waya suna ture rabinsa da yatsa ba da su nake ba. Ku da kuka yi layin tikiti nake tambaya. Wanda bai yarda ba ya kawo nasa, fim ɗaya da kaset ɗaya, ya kuma faɗi dalili. Ban da "ni dai ina son shi".

Tela_Sabongari:
Wa alaikumus salam Yaya. A kan Sholay ba ni da ja. Har wurin da aka ɗauke shi ya taimaka masa a wajenmu. Duwatsun nan da Gabbar, shugaban ɓarayin fim ɗin, yake ɓuya a ciki da yaransa, in ka gan su sai ka rantse bayan Birni ne. Can kudancin Indiya ne, wani gari Ramanagara kusa da Bangalore, amma muna yara mun ɗauka nan kusa aka yi abin. Kowa faɗa da harbi yake tunawa. Ni inda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ba a ko magana: dare ya yi, Amitabh na zaune yana busa ɗan abin busarsa, matar nan da mijinta ya mutu, cikin fararen kaya, tana bi tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya a saman bene. Ba wanda ya ce wa wani uffan, amma duk silima ta san abin da ke ransu. Maganar kaset kuwa ban bi ka ba, zan dawo in na sallami mai kayan da ke tsaye a kaina.

Gwaggo_ta_Zango:
Ɗana ƊanBirni, ka ce ku da kuka yi layin tikiti. To mu fa? A zamaninmu yarinyar da aka gani a ƙofar silima ta gama jawo wa gidansu magana. Sai da bidiyo ta shigo cikin gidaje sannan muka ga abin da kuke ta ba mu labari. Kuma da na ga Sholay ɗin naku sai na ce ashe fim ɗin maza ne, dawakai da bindiga da ihu. Nawa Mother India ne, na 1957. Uwar miji ta ci bashin rufi 500 wurin Sukhilala don a yi biki, shi ke nan gida ya shiga uku, kowace kaka kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne. Mijin ya rasa hannuwansa, kunya ta sa ya bar gida, Nargis da ta fito a matar ta rage da yara, har ita da kanta take jan garma. Wace mace ce a ƙauyukanmu ba ta san mai ba da bashi da damina ya zo da buhu da kaka ba? Ƙarshe kuma ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace ɗiyar mutane, ɗiyar ma ta wanda ya zalunce su. Ranar da muka kalla, ɗaki cike da mata, tuwon dare sai da ya ƙone.

Kabukabu227:
Gwaggo Allah ya ƙara girma, amma fim ɗin da za a fito ana share hawaye ni ban ga abin biyan kuɗi a ciki ba. Opération Dragon, Bruce Lee, 1973. Dalili: duk yaron da ya fito daga kallonsa sai ya daki bangon gidansu.

Mushe_Lawali:
Na karanta duka, kuma abin da nake tsoro shi ne ya faru. Ƴan Nijar huɗu sun yi magana, an je Indiya sau uku, an je Hong Kong, ba wanda ya tsaya gida. FESPACO, gasar fina-finan Afirka ta Wagadugu, an fara ta a 1969, kuma da aka soma ba da babbar kyauta a 1972, wanda ya fara ɗaukarta ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Labarin ba baƙo ba ne a wajenmu. Wani Alhaji ya dawo daga Makka da kuɗi da suna, ya sa ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, iyaye suka kasa ce masa a'a, aka ɗaura ta ta uku. Kishi ya sa matarsa ta biyu ta yi niyyar kashe amarya, sai ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Fim ɗin bai kai awa ɗaya ba, babu rawa babu waƙar soyayya a lambu, amma ya faɗi abin da har gobe ba kowa ke iya faɗa a gaban manya ba.

Kuma Ganda ba a lakwal ya koyi fim ba. Soja ne da Faransa ta kai yaƙin Indochine, ya dawo ya tafi Abidjan yana dako a tashar jiragen ruwa, can Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya same shi ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un Noir. Daga baya ya ɗauki kyamara da kansa. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Sannan ga Moustapha Alassane. Kabukabu, kai da ka ce yara suna dukan bango, tun 1966 ya yi fim a kan irinku, Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da hulunan kaboyi da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Dariya za ka yi ta yi har ka gane da kai ake.

Nawa ke nan: Wazzou. Kaset sai an jima.

Kabukabu227:
Mushe, da girmanka, amma mutum nawa ne a zauren nan suka taɓa ganin Wazzou ɗin? A ɗaga hannu. Fim ɗin da sai a littafi ake jin labarinsa ya za a yi ya kada wanda muka haddace?

Daliba_Jamia:
Ni na gani, Kawu Kabukabu, an taɓa haska mana shi a wani zaman al'adu. Da Zabarmanci ake magana, fassarar Faransanci a ƙasa, hoton ya ɗan dusashe. Abin da ya kama ni Zalika Souley ce. Idonta kawai ya isa. Na ji an ce mutane sun riƙa ɗaukar halin da take fitowa da shi a fim kamar halinta ne na gaske, kuma ta sha wahala a kan haka. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, wanda ya kamata duk mai zagin ƴan fim mata ya kalla. Zalika ta rasu a 2021. Gwaggo, da kin ga Wazzou ina jin da kin sa shi kusa da Mother India.

Gwaggo_ta_Zango:
Ɗiyata, in akwai mai fassara mini, a kawo. Indiyancin ma ai ba ji muke ba, da fuska muke ganewa.

Baba_TsohonSoja:
Salamu alaikum. Jikana ke rubuta mini. Mushe ya ambaci Ganda bai ambaci Cabascabo ba, kuma shi ne fim ɗinsa da ya fi gaskiya. Soja ya dawo daga yaƙi da ƴan kuɗinsa, maroƙa da abokai da mata suka yi masa caa, kuɗi suka ƙare, kowa ya watse, ya koma neman aikin leburanci, waɗanda yake ba oda jiya su ne ke ba shi yau. Na ga irinsa da idona ba ɗaya ba ba biyu ba. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1969. Amma in fim ɗaya aka ce, ni Umar Mukhtar zan ɗauka. Tsoho malamin allo ya hana sojan Italiya barci shekara ashirin a Libiya, suka rataye shi a 1931 a gaban mutanensa. Wurin da tabaransa ya faɗi ƙasa yaro ƙarami ya ɗauka, ba na iya kallonsa zaune daidai. Ku bar ni da Indiyawanku.

Malam_GarinMalam:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Mutum ɗaya ne ya yi Umar Mukhtar da Ar-Risala, Mustafa Akkad, ɗan Siriya. Ar-Risala ta 1976 an ɗauke ta sau biyu, ta Larabci da ta Turanci, kowace da ƴan wasanta. Anthony Quinn da ya fito a Umar Mukhtar shi ne Sayyidina Hamza a ta Turancin. Ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a jin muryarsa, duk da haka malamai sun yi saɓani a kan fim ɗin, har yau akwai waɗanda ba su yarda a kalla ba. Ni dai na san yara da yawa da suka fara jin sunan Bilal a wurin da aka ɗora masa dutse a ƙirji cikin rana. Kaset kuwa ku yi ta muhawararku, ni nawa na ƙira'ar Abdul Basit ne.

Tela_Sabongari:
Na dawo. Yaya ƊanBirni, sunanka ɗan Birni, gidanku ana jin tamburan fada, amma da aka ce kaset sai ka tsallaka iyaka ka ɗauko Shata? Ina ka bar Ma'azu Ɗan Alalo? Shata gwani ne, ba mai musu. Amma Bakandamiya kansa yake wasawa. Ɗan Alalo in ya ɗauko waƙar Sarkin Damagaram, tarihin gidan yake jero maka, wane ya haifi wane, wane ya yi yaƙi ina. Tsohona ba ya barin a yi magana in an sa shi a rediyo. Ni a shago in aiki ya yi yawa, kamar daren salla, shi nake sawa, keken ma sai ya fi gudu.

Bakano_a_Damagaram:
Haba Tela. Shekaruna da yawa a garin nan, ina cin arziki, ba zan raina Ɗan Alalo ba. Amma a bar wa Shata wurinsa. Mutumin da zai tsaya a fili, kalangu na tashi, ya ga baƙo ya shigo, nan take ya ƙera masa waƙa ba tare da ya taɓa zama ya tsara ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa wanda ya ɓata masa rai. Tun rasuwarsa a 1999 har yau ba a cike gurbin ba. Kuma maganar tsallaka iyaka, wace iyaka? Daga nan zuwa Daura inda kabarinsa yake ya fi kusa da daga nan zuwa Yamai nesa ba kusa ba.

Mai_GyaranRediyo:
Ku tsaya, akwai abin da ya kamata a gyara a tambayar kanta. Bakandamiya waƙa ce, ba kaset ba ce. Su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Haruna Uji, yawancin abin da muka saya nasu ba su ne suka zauna suka jera shi ba. Mai shagon ɗauka ne yake jerawa. Ka kawo kaset ɗinka fanko, C60 minti talatin kowane gefe, ko C90 minti arba'in da biyar, ka ce a sa maka kaza da kaza, ya haɗa rediyo biyu ya ɗauka. Shi ya sa kaset ɗin Shata na gidanku daban da na gidanmu, kuma sau da yawa waƙa tana tsakiya gefen zai ƙare, ka juya ka tarar da wata daban. Akwai waƙar Shago ta Ɗan Anace da na girma ban san tana da ci gaba ba, don a namu kaset ɗin nan take yankewa.

Kuma ku tuna wahalar da muka sha. Batir ya yi sanyi, muryar mawaƙi ta koma ta ƙato mai jin barci, a cire batir a shanya a rana. Ba a mayar da zare da rediyo don kada a ci wuta, sai a zura biro a ramin a yi ta juyawa a iska. In rediyo ta tauna zaren, a buɗe da ɗan sukurdireba, a yanke inda ya cukurkuɗe, a manne da jan farce. Wurin da aka manne har abada akwai ɗan tsalle, har ka saba, in ka ji waƙar lafiyayya a wani wuri sai ka ga kamar ita ce ba daidai ba.

Rasta_Karkada:
To in album na gaske ake so, wanda aka tsara daga farko har ƙarshe, Legend na Bob Marley. Babu fadar samarin da ba ta sha shayi da shi ba a garin nan.

Mushe_Lawali:
Rasta, Legend ai shi ma irin aikin mai shagon ɗauka ne, sai dai na kamfani. A 1984 ya fito, Bob ya rasu tun Mayun 1981, tsintar waƙoƙinsa aka yi aka haɗa. In kana son wanda ya tsara da hannunsa, Exodus ne na 1977, wanda ya yi a Landan bayan an harbe shi a Kingston a Disambar 1976. Gefen farko zafi da siyasa da addini, gefe na biyu sanyi da soyayya. Da gangan aka yi haka.

Rasta_Karkada:
Ko wa ya jera shi, shi muka ji. Kuma in za a bi ta haka, Jerusalem na Alpha Blondy, 1986, a Jamaika ya ɗauke shi da makaɗan Bob ɗin kansu. Shi kam Mushe ba ka da abin cewa. Prisoner na Lucky Dube ma yana nan.

Ƴar_Matamai:
Maza sun karɓe zance kamar kullum. Moussolou na Oumou Sangaré. Yarinya ce ƴar shekara ashirin da ɗan kai lokacin da ta ɗauke shi a Abidjan a 1989, tana waƙa kan auren dole da abin da mace ke haɗiyewa a gidan miji. Bambaranci ba ma ji, amma yayata da ta yi zama a Mali ta fassara mana sau ɗaya, daga nan kaset ɗin bai sake hutawa ba. A gida kuma Barmani Coge, wadda in aka kifa ƙwarya a gidan biki aka ɗauko waƙarta babu matar da ke zama.

Fim kuwa, ku yi ta dariya, Sangaya zan ce. Ali Nuhu ɗan sarki, Fati Muhammad ƴar aikin gidan. Shi ne karon farko da na ga irin soyayyar fim ɗin Indiya da harshen da nake mafarki da shi. Waƙarsa har masu tallan goro sun iya ta.

ƊanBirni74:
Ƙanwata, Sangaya tsohon fim ne? Jiya-jiya fa aka yi shi. Kuma kin faɗa da bakinki, Indiya aka kwaikwaya. To in ga na asali ga kwafi, me zai sa in ɗauki kwafi?

Ƴar_Matamai:
Yaya, wanda aka haifa shekarar da ya fito yau yana da ƴaƴa. Kuma Sholay ɗin naka wa ya ce maka na asali ne? Tambayi Mushe.

Mushe_Lawali:
Ta kama ka, ƊanBirni. Ƙauye ya ɗauko mayaƙa daga waje su kare shi daga ɓarayi, wannan Kurosawa ya yi shi a Japan tun 1954, Amurkawa suka mayar da shi na kaboyi a 1960. Yadda Gabbar ya kashe iyalin Thakur, tsohon ɗan sandan da ya ɗauko su Amitabh, kuma, duk wanda ya ga fina-finan Sergio Leone ya san inda aka leƙa. Wannan bai rage Sholay da komai ba a wajena, sun ɗauka sun mayar da shi nasu. Amma in an yafe wa Bombay, a yafe wa Kano.

Bakano_a_Damagaram:
Allah ya biya ka Mushe. Kuma kafin bidiyo ma akwai fim ɗin Hausa na silima, Shaihu Umar, 1976, Adamu Halilu ya yi shi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaro aka sace aka bi da shi hanyar sahara, uwarsa ta bi sawu tana nema. An gyara shi an nuna a Berlin a 2018. Turawa sun gani, mu da aka yi da harshenmu yawancinmu ko hotonsa ba mu taɓa gani ba.

Bamiriye:
Ina ta jira in ga ko wani zai ambaci wanda ya shafe mu kai tsaye. Sarraounia fa? Littafin Abdoulaye Mamani ne na 1980, mutumin da garin nan ya san shi, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira. Med Hondo na Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarin sarauniyar Lugu ce da ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta bi ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. Su biyun sojojinsu ne suka kashe su a wajen Tasawa, ragowar rundunar kuma ita ce ta yi yaƙin Tirmini ta shigo Damagaram a wannan shekarar. Abin da ke ci mini rai, a Burkina aka ɗauki fim ɗin, kuma sarauniyar Azna sai ga ta tana magana da Jula. Aï Keïta ta yi ƙoƙari sosai, amma kunnena bai taɓa yarda ba.

Na biyu, Si les cavaliers na Mahamane Bakabé, 1982, daga rubutun André Salifou wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa. Shi kam maganar gidanmu ce tsantsa, shirin da aka ƙulla a 1906 na tayar wa Nasara, asiri ya tonu, aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa aka kai shi Kodebuwa. Yau ka shiga Kasuwar Dole ka ce a tura maka shi a waya, za a tura maka Indiya ɗari kafin a gane abin da kake nufi.

Kabukabu227:
To ai maganata ke nan tun ɗazu. Ba mu ƙi namu ba, ba a kawo mana ba ne.

Baba_TsohonSoja:
Yaro ya faɗi gaskiya a nan. Mai silima ɗan kasuwa ne. Gwangwanin fim ɗin Indiya ko na Sin ya riga ya zagaya duniya ya mayar da kuɗinsa, da araha yake isowa, kuma ya cika benci mako guda. Namu kwafi ɗaya ne ko biyu, suna Yamai ko Faransa. Daga baya gidajen bidiyo suka buɗe a kowace unguwa, dala biyar ka zauna a tabarma, sannan aka karya darajar sefa a Janairun 1994, komai na waje ya ninka. Silima ba ta sake tashi ba. Amma kada ku ce ba mu ga namu ba sam. Wasan su Yazi Dogo a tele fa? Ranar da za a sa, gidan da ke da tele sai ya koma kasuwa, yara har kan katanga. Da Hausarmu, da mutanen da muke gamuwa da su a hanya.

Gwaggo_ta_Zango:
Yauwa Yaya! Wannan kam mu ma mun kalla, ba wanda ya hana mu.

Mai_GyaranRediyo:
Haka abin yake a kiɗa. Kun san kiɗan nan mai sanyi na organ da ake sakawa a rediyo da tele tsakanin shiri da shiri? Mamman Sani ne. Ya ɗauka a 1978, kaset kaɗan aka yi, muka yi ta ji shekara da shekaru ba mu san mai shi ba. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi, duniya ta ɗauka. In album ɗaya za a tilasta mini, shi ne nawa. Na biyu Niamey Twice na Moussa Poussy da Saadou Bori, 1994, saboda Sa'adu ya ɗauko kiɗan bori na Maradi ya sa masa jita bai ɓata shi ba.

Daliba_Jamia:
Denké-Denké na Mamar Kassey fa, 1999? Sarewar Yacouba Moumouni. Babana a mota ba ya sa wani. Kuma tunda ana kukan ba a kawo mana namu, fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan samarin Kara-Kara ai ƴar garin nan ce ta yi shi, a garin nan. Mutum nawa suka nema suka kalla?

Rasta_Karkada:
Wannan bai tsufa ba tukuna, ƙanwata, a bar shi ya kwana biyu. Kuma akwai masu ganin ya nuna garin ta gefe ɗaya. Wata muhawarar ce.

ƊanBirni74:
Na ji kowa. Mushe, na ji tarihin kyaututtuka, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni abin da na tambaya fim ɗin da ya shiga jinin gari. Sholay ya haura awa uku, silima ba rufi, sanyin hunturu na dukan mutum a benci, zare ya tsinke a yi ta yi wa mai haskawa ihu, amma ba mai tashi. Mutanen da ba su san kalma ɗaya ta Indiyanci ba suna faɗin maganar Gabbar kafin ya buɗe baki. Lokacin da Dharmendra ya duba kuɗin nan da Amitabh ke jefawa ya tarar duka fuskokin iri ɗaya ne, ashe duk jefawar da ake yi shi ke zaɓar abin da zai faru, har ranar da ya zaɓi ya tsaya ya mutu, na ga mahauta da ƴan dako suna goge ido da hula. Kyautar Wagadugu ba ta yin wannan. Ina nan kan bakana. A kaset ne kawai Tela ya sa na yi shiru, shi ma ban ce na sauka ba.

Tela_Sabongari:
Kun san ƙarshen Sholay da muka gani ba shi ne wanda Ramesh Sippy, mai shirya fim ɗin, ya fara ɗauka ba? A na farkon Thakur ne ya kashe Gabbar da takalmansa masu ƙusa. Hukumar tace fina-finai ta Indiya ta hana, aka sake ɗauka ƴan sanda suka zo suka kama shi. Ni tun ina yaro wannan zuwan ƴan sandan bai taɓa kwanta mini ba.

Ƴar_Matamai:
Yanzu ai an fassara su da Hausa, yarana sun fi ku sanin abin da ake faɗa a ciki.

ƊanBirni74:
Kada ki tuna mini. Na ji wani an sa wa Amitabh muryar wani yaro yana zuba barkwancin tasha. Na kashe.

Kabukabu227:
Ni kuwa fassarar ta fi mini. Da can kowa da labarin da yake ƙirƙira wa fim ɗin, a fito ana gardama wa ya kashe wa da dalili.

Gwaggo_ta_Zango:
Ba wanda ya kawo Mangala har yanzu? Dilip Kumar yana saurayi, kan doki. Ku yara ne duka. Mai gyara, ina da kaset na Ɗan Alalo cikin akwatin marigayi, sun fi shekara ashirin ba a taɓa su ba. Za su yi magana kuwa?

Mai_GyaranRediyo:
Gwaggo, kada ki bari kowa ya sa su a rediyo tukuna, zaren da ya daɗe yana mannewa, juyi ɗaya zai tsinke. Ki aiko yaro da su ranar Alhamis in an shigo kasuwa, cikin leda, kada rana ta dake su. Zan sassauta su da hannu in ga abin da za a iya ɗauka a waya.

Bakano_a_Damagaram:
In an buɗe akwatin a duba da kyau, na rantse ba za a rasa na Shata a ciki ba.

Gwaggo_ta_Zango:
Akwai. Na Haruna Uji ma akwai, su ya fi saurare in ya san ba na kusa.